Fashin Baƙi: Me Ke Samun Fayilolinka Idan Aka Ɗauke Wuta Kwamfuta Tana Tsaka da Aiki?

Idan aka ɗauke wuta kwamfuta tana cikin aiki, shin fayilolin da ke cikinta suna cikin haɗari, ko kuwa kwamfutocin yanzu sun wuce wannan matsalar? Tambayar ta daɗe tana yawo tsakanin masu gyara a Farm Centre da titin Beirut a Kano, da masu shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Bayero. Duk lokacin da babban layin wutar ƙasa ya faɗi, ko aka shiga irin dogon duhun da Arewa ta sha a watan Oktoban 2024, sai gardamar ta dawo ɗanya. Wasu na cewa tsoron tsohon yayi ne, Windows na yanzu da kansa yake gyara kansa, ka sake kunnawa kawai. Wasu kuma suna da shaida a hannu: ɗalibar da babi na huɗu na aikinta na kammala digiri ya koma fanko, ko mai haɗa fim ɗin da faifansa ya wayi gari yana neman a yi masa fomat.

Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Abin da ke tsakaninsu wata dabara ce da masana kwamfuta ke kira jonalin, wadda a nan za mu kira littafin niyya. Ita ce ta sa kwamfutar yau take tashi lafiya bayan mutuwar fuju'a. Amma alƙawarin da ta ɗauka ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba a kan abin da jama'a ke zato, kuma akwai na'urorin da muke yawo da su a aljihu kullum waɗanda ba su da ita sam.

Yadda kwamfuta ke sanin inda kaya suke

Faifan ajiya, na ƙarfe mai juyawa ne ko SSD (faifan zamani da babu abin da ke juyawa a cikinsa) ko filash, bai san wani abu wai shi fayil ba. Abin da ya sani gurabe ne jere, miliyoyi, kowanne da lambarsa. Yawanci gurbi ɗaya yana ɗaukar bait 4,096, wato kimanin haruffa dubu huɗu. Hoton biki guda ɗaya zai iya cinye gurbi ɗari bakwai ko dubu, kuma ba lallai ne su kasance kusa da juna ba.

Tsarin fayil shi ne ke riƙe da lissafin wannan duka. NTFS na Windows, ext4 na Linux, APFS na Apple, FAT32 da exFAT na filash da memori, duk sunayen irin wannan tsari ne. Kowannensu yana ajiye bayanai iri biyu. Akwai ƙunshiyar fayil, wato ainihin rubutunka ko hotonka. Akwai kuma bayanan tsari: katin kowane fayil mai ɗauke da girmansa da lambobin gurabensa, jerin sunayen da ke cikin kowace folda, da taswirar da ke nuna wane gurbi ne a cike, wanne ne babu kowa. Ka riƙe wannan rabe-raben da kyau, domin kusan duk ruɗanin da ake yi a kan batun daga nan yake tasowa.

Inda ɓarnar take aukuwa

A idon mai amfani da kwamfuta, ƙara shafi ɗaya a takarda aiki ɗaya ne. A wajen faifai kuwa aƙalla rubutu uku ne a wurare uku daban: a zuba sabon shafin a wani gurbi, a gyara katin fayil ya nuna ya ƙara girma kuma ga sabon gurbinsa, sannan a gyara taswira ta nuna gurbin ya samu mai shi. Faifai ba ya iya yin ukun a bugu ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya yake yi, kuma wuta tana iya tafiya a tsakani.

Mu duba abin da kan biyo baya. Idan shafin ne kaɗai ya sauka, kati da taswira ba su sani ba, asarar mai sauƙi ce: shafin ya ɓata, amma lissafi bai rikice ba. Idan taswira ce kaɗai ta sauka, an rufe gurbi da sunan yana da mai shi alhali babu fayil ɗin da ya san da shi, sai faifai ya riƙa nuna ya cika ba a ga abin da ya cika shi ba. Mafi muni shi ne katin fayil ya sauka shi kaɗai. Yanzu fayil yana cewa gurbi kaza nawa ne, amma abin da ke cikin gurbin tarkacen wani tsohon fayil ne da aka goge tun bara, sannan taswira tana nan tana cewa gurbin fanko ne. Gobe ko jibi sai a ba wani sabon fayil wannan gurbin. Fayil biyu sun haɗu a wuri ɗaya, kowanne yana rubutu a kan ɗan'uwansa. Abin da ya sa wannan ya fi ban tsoro shi ne ba ya nuna kansa ranar da aka ɗauke wutar. Sai bayan makonni mutum ya buɗe takarda ya tarar da rabinta ta koma wasu alamomi marasa kan gado, ya kama zargin bairos ko yaron da ya ari kwamfutar.

Akwai wani abin da ke ƙara faɗaɗa ƙofar haɗarin. Saboda faifai yana da nawa, babbar manhaja, wato Windows ko Linux da makamantansu, ba ta kai masa rubutu nan take. Tana tarawa a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ta jira su yi yawa, sannan ta sauke. A Linux, bisa saitin da yake zuwa da shi, sabon rubutu zai iya zama a RAM har kimanin daƙiƙa 30 kafin a tura shi. RAM kuwa da zarar wuta ta yanke, ya manta komai.

Kafin zuwan littafin

Tsohuwar mafita ita ce bincike bayan ɓarna. Idan kwamfuta ta tashi ta ga ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba, sai ta saki manhajar bincike, fsck a Linux da danginsa, chkdsk ko ScanDisk a Windows. Waɗanda suka yi zamani da Windows 98 a shagunan intanet na farko-farko a Kano za su tuna shuɗin allon nan da ke tare mutum bayan an dawo da wuta. Manhajar tana bin kowane kati da kowace folda, tana gwada su da taswira, tana neman inda lissafi ya saɓa.

Matsala biyu ce da ita. Lokacin da take ci yana ƙaruwa ne da girman faifai da yawan fayiloli, ko da kuwa gurbi uku ne kacal suka rikice. A faifan da ke ɗauke da miliyoyin fayiloli, sa'o'i ake magana, kuma banki ko kamfanin waya ba zai iya rufe aiki na sa'o'i ba. Ta biyun ta fi damuna: manhajar ba ta san abin da aka yi niyyar yi ba, hasashe take. Burinta lissafi ya daidaita, ko da ta hanyar yanke fayil ne. Guntayen da ta rasa mai su sai ta zuba su a wata folda, lost+found a Linux, FOUND.000 a Windows, da sunaye irin FILE0001.CHK. Duk mai gyaran da ya daɗe a sana'a ya taɓa zama yana buɗe irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, mai kaya na tsaye a kansa yana tambaya, "Malam, hotunan suna ciki kuwa?"

Yadda littafin niyya ke aiki

A ɗauki babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai sito da shago. Idan dilar atamfa za ta fita bashi, littafi uku ake taɓawa: na sito a rage, na shago a nuna ta fita, na bashi a rubuta wa wanda ya ɗauka. Idan yaron shago ya gama na farko aka kira shi, ya tafi bai dawo ba, dila ta ɓata a lissafi. Sai Alhaji ya kafa doka: kafin a taɓa ko ɗaya daga manyan littattafan, a fara rubuta cinikin gaba ɗayansa a shafi ɗaya na wani ƙaramin littafi, a sa hannu a ƙasa. Bayan nan ne za a kwafe zuwa manyan. Duk wanda ya zo da safe ya buɗe ƙaramin littafin, shafin da ya ga da sa hannu sai ya ƙarasa kwafe shi, wanda babu sa hannu kuma ya ja masa layi kamar ba a taɓa fara shi ba.

Haka tsarin fayil yake yi. Yana keɓe wani yanki na faifai, a NTFS fayil ne ɓoyayye mai suna $LogFile wanda yawanci girmansa megabait 64 ne. Duk canje-canjen da dole su tafi tare ana haɗa su ƙunshi ɗaya a rubuta a wannan yankin. Sai an tabbatar sun sauka duka sannan a rubuta wata 'yar alamar kammalawa, wadda ƙanƙantarta ta sa ko dai ta sauka ko ba ta sauka ba. Daga nan sai a kai canje-canjen ainihin wurarensu cikin natsuwa. Idan sun isa, a share shafin don a sake amfani da shi, domin littafin zagaye yake yi, idan ya kai ƙarshe ya dawo farko.

Bayan mutuwar fuju'a, kwamfuta ba ta buƙatar bin faifai duka. Littafin kawai za ta karanta. Ƙunshin da ke da alamar kammalawa ta sake zuba shi a wurinsa, kuma babu laifi idan dama ya riga ya sauka, tunda rubuta abu ɗaya sau biyu a gurbi ɗaya ba ya canza komai. Ko da wutar ta sake ɗaukewa ana tsakiyar wannan gyaran, wanda a garin nan ba abin mamaki ba ne, sai a sake farawa daga farko ba tare da wata ɓarna ba. Ƙunshin da ba shi da alama kuma a watsar da shi. Aikin da ke cin sa'o'i ya koma na daƙiƙoƙi, kuma hasashe ya fita daga ciki. Tsare-tsaren sun ɗan bambanta a daki-daki, NTFS alal misali yana ajiye bayanin yadda za a warware aikin da bai kammalu ba, amma tushen ɗaya ne.

Dabarar daga fannin rumbunan bayanai aka aro ta, inda aka daɗe ana rubuta niyya kafin aiki. Kamfanin IBM ya fito da JFS, tsarin fayil mai littafi, a 1990. Microsoft ya kawo NTFS a 1993, kodayake bai shiga gidajen jama'a sosai ba sai da Windows XP a 2001. A 2001 ɗin ne ext3, aikin Stephen Tweedie, ya shiga Linux, ya ɗora littafi a kan tsohon ext2. Apple ya ƙara wa HFS+, tsarin fayil ɗinsa na lokacin, littafi a 2002. Shi kuma ext4 an amince da shi a matsayin kammalalle a ƙarshen 2008. Saboda haka masu cewa kwamfutocin yanzu sun fi na da juriya ba su yi ƙarya ba.

Farashin da ake biya

Abin da ya fara bayyana shi ne rubutu biyu. Duk abin da ya bi ta littafi sai an rubuta shi sau biyu, a littafin da kuma a mazauninsa. Da za a bi da komai ta nan, kwafe fim mai gigabait 4 zai zama rubutun gigabait 8. Shi ya sa kusan duk tsare-tsaren da ake amfani da su suka zaɓi tsaka-tsaki: bayanan tsari kaɗai ke shiga littafi, ƙunshiyar fayil ba ta shiga. NTFS haka yake, XFS, wani tsarin da ake amfani da shi a Linux, ma haka.

A ext3 da ext4 an bar wa mai kwamfuta zaɓi uku, kuma duba su yana nuna cinikin a fili. Akwai wanda komai ke bi ta littafi, har ƙunshiya. Shi ya fi tsaro, shi ya fi nauyi a yawancin ayyuka. Akwai na tsakiya, wanda shi ne saitin asali: ƙunshiya ba ta shiga littafi, amma dole a fara sauke ta a gurbinta kafin a sa alamar kammalawa a kan bayanan tsarin da ke nuni gare ta. Da wannan, kati ba zai taɓa nuna gurbin da ke cike da tarkace ba. Na ukun ya saki wannan sharaɗin don neman sauri, kuma sakamakonsa shi ne bayan ɗaukewar wuta fayil zai iya buɗewa da guntun wani tsohon fayil a cikinsa. A kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, wannan ya wuce batun lalacewa, ya zama batun tonon asiri, domin guntun yana iya zama na takardar wani.

Sai dai bai kamata a ɗauka littafi kullum rage gudu yake ba. A faifai mai juyawa, rubutu a jere wuri ɗaya ya fi sauri a kan tsalle daga nan zuwa can, kuma littafin yana ba da damar tara ƙananan canje-canje masu yawa a sauke su tare. A wasu ayyukan ribar tana cinye asarar.

A kan SSD da filash lissafin ya ɗan canza, domin ƙwayoyinsu suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka kafin su gaji. Ƙarin rubutu ƙarin tsufa ne. A wayoyin Android masu ext4 abin yana ninkuwa: manhajoji da yawa suna ajiye bayanansu a wani ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite, wanda ke da nasa littafin, a kan tsarin fayil ɗin da shi ma ke da nasa. Amma ga SSD na kirki a kwamfutar gida ko ofis, wannan tsufan bai kai abin da zai sa mutum ya kashe littafin ba, kuma ina ganin duk mai ba da wannan shawarar a garin da wuta ke zuwa tana tafiya bai yi wa mai kwamfuta adalci ba. Akan kawo misalin Google, wanda ya yi amfani da ext4 ba tare da littafi ba a manyan kwamfutocinsa. Gaskiya ne, amma shi yana ajiye kwafin kowane bayani a injina da dama, idan ɗaya ya rikice sai a ɗauko daga wani. Mai shagon buga takardu a Kabuga faifai ɗaya gare shi.

Alƙawarin da littafin bai ɗauka ba

Nan ne zuciyar maganar. Littafin niyya ya yi alƙawarin cewa lissafin faifai zai tashi a daidaite. Bai ce aikinka na ƙarshe zai tsira ba. Ka tuna, ƙunshin da ba shi da alamar kammalawa watsar da shi ake yi. A ext3 da ext4 ana rufe ƙunshi duk bayan daƙiƙa 5, saboda haka abin da ya faru a 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe yana iya tafiya, kuma a wajen tsarin fayil wannan nasara ce, tunda babu abin da ya rikice. Rubutun da ba ka adana ba kuwa dama bai taɓa zuwa kusa da faifai ba. Idan Word ya dawo maka da shi, wata dabara ce tasa ta daban.

Har masana sun taɓa faɗawa wannan ramin. A farkon 2009, masu gwada ext4 a Ubuntu, wani nau'in Linux, suka fara kukan cewa bayan kwamfuta ta mutu ba shiri, wasu fayilolinsu suna tashi fanko, girmansu sifili. Da aka bi diddigi sai aka ga manhajoji da yawa suna da al'adar rubuta sabon fayil, su sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, ba tare da sun ba da umarnin da ake kira fsync ba, wanda ke tilasta a sauke ƙunshiya a faifai nan take. A ext3 wannan sakacin bai cika cutarwa ba saboda yadda yake sauke komai duk daƙiƙa 5. Shi kuwa ext4 yana jinkirta zaɓa wa ƙunshiya gurbi don ya samu tsari mai kyau da sauri. Sai sauya sunan ya shiga littafi ya kammalu, ƙunshiyar tana RAM. Wuta ta tafi, tsohon fayil ya tafi, sabon kuma babu komai a ciki. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya yi bayanin cewa ƙa'ida ba ta taɓa yi wa masu manhaja wannan alƙawarin ba. Masu manhaja suka ce tsarin da ke cinye fayil ɗin mutane ba shi da hujja ko da ƙa'ida na bayansa. A ƙarshe aka sa gyara a Linux 2.6.30 wanda ke gane irin wannan salon ya sauke ƙunshiyar da wuri. A ganina masu kukan sun fi kusa da gaskiya, domin mai amfani da kwamfuta ba ruwansa da wanda ya karya ƙa'ida tsakanin manhaja da tsarin fayil. Amma labarin ya nuna cewa tsiran takardarka ya rataya a kan yadda aka rubuta manhajar da kake aiki da ita, ba a kan littafin kaɗai ba.

Akwai kuma sharaɗin da dabarar gaba ɗaya ta dogara a kai: faifai ya faɗi gaskiya. Dole ƙunshi ya riga alamar kammalawa sauka. Faifai yana da tasa 'yar ma'ajiyar wucin gadi, kuma yana iya sauya jerin rubutu don sauri, shi ya sa tsarin fayil ke ba shi umarnin ya zazzage komai kafin a ci gaba. Idan na'ura mai arha ta amsa da cewa ta gama alhali ba ta gama ba, alamar tana iya riga ƙunshin, sai a wayi gari littafin da kansa ne ke zuba shara a kan bayanai masu kyau. Don rage wannan ne ext4 ya ƙara lambar tantancewa a kan abin da ke cikin littafin. Manyan SSD na kamfanoni kuma suna zuwa da 'yar ajiyar wuta a cikinsu da ke isar su ƙarasa rubutu. Na kasuwa da yawa ba su da ita, balle jabun filash ɗin da aka rubuta masa girman da bai kai ba.

Sauran musibu kuwa, faifai ya tsufa ya fara cin gurabe, wuta mai ƙarfi ta dawo ta ƙona na'urar, bairos ya kulle fayiloli, ko hannu ya goge folda bisa kuskure, babu ruwan littafi da su. Umarnin gogewa ma tsaf zai rubuta shi ya tabbatar ya kammalu.

Waɗanda suka bi wata hanya

Wasu tsare-tsaren sun kauce wa rubutu biyu ta hanyar ƙin taɓa tsohon gurbi. Suna rubuta sabon abu a sabon wuri, sai komai ya sauka sannan su juya manuni guda ya koma kan sabon. Idan wuta ta tafi kafin juyawar, tsohon yana nan cikakke. ZFS na kamfanin Sun, wanda ya fito a 2005, da Btrfs, da APFS da Apple ya sauya wa iPhone a 2017, duk wannan layin suka bi. Samsung kuma ya ƙirƙiro F2FS a 2012 musamman don ma'ajiyar waya. Su ma da nasu farashin: fayil ɗin da ake yawan gyarawa yana warwatsuwa, kuma suna shan wahala idan faifai ya kusa cika.

Filash da memori: inda abin ya fi shafar mu

Kwamfutar tafi-da-gidanka da waya suna da batir, ɗaukewar wuta ba ta kashe su nan take, sai fa in batirin ya mutu, wanda shi ne halin da wasu na hannu da ake saya suke ciki. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato akwatin batir da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, tana mutuwa, amma NTFS yana tashinta. Inda babu mai tsaro shi ne a aljihunmu.

Kusan duk filash da memorin da ake sayarwa suna zuwa ne da FAT32 ko exFAT. Ƙa'idar katin SD, wato memori, ma haka ta tsara: daga sama da gigabait 2 har zuwa 32 FAT32, sama da haka exFAT. Babu ɗayansu mai littafin niyya. FAT32 yana ajiye kwafi biyu na teburin lissafinsa, exFAT da aka saba gani ɗaya ne da shi. Duk abin da aka bayyana a sama na rikicewar kati da taswira, a kansu yana nan yadda yake tun zamanin da. Kuma zare filash ana cikin rubutu daidai yake da ɗauke masa wuta. Ka tsaya a kowane shagon tura waƙoƙi da finafinai ka gani: layi ya yi tsawo, alamar kwafi ta kai ƙarshe, kafin ta ɓace hannu ya riga ya fizge memorin an miƙa wa mai shi. Wannan daƙiƙar ta ƙarshe kuwa sau da yawa ita ce lokacin da ake rubuta lissafin.

Masu cewa an daina buƙatar umarnin cirewa lafiya suna da madogara. Tun daga Windows 10 na ƙarshen 2018, saitin asali shi ne kada a tara rubutun na'urorin waje a RAM, don a iya zare su da sauri. Amma wannan yana aiki ne idan rubutu ya ƙare da gaske kuma babu manhajar da ke riƙe da fayil. A Mac da Linux da waya kuwa tarawar tana nan.

To me zai hana a mayar da kowane filash NTFS? Saboda rediyon mota, da talabijin da yawa, da kyamara, da ƙananan na'urorin sauti ba duka ke karanta shi ba, kuma Mac yana karantawa amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Sauƙin shiga ko'ina shi ne abin da FAT ke sayarwa, tsaro ne kuɗin. Ga filash ɗin kai takarda wajen bugawa, wannan ciniki ne mai kyau, muddin asalin takardar yana wani wuri. Inda nake ganin ana ganganci shi ne wajen masu haɗa fim da masu ɗaukar biki, irin na titin Zoo, da ke zuba aikin wata guda a babban faifan waje mai exFAT don ya yi aiki a Mac da Windows, kuma a kansa suke aikin kai tsaye. Faifan da ake aiki a kansa kullum ya kamata ya kasance da tsarin kwamfutar da ake aikin da ita, NTFS a Windows, APFS a Mac, a bar exFAT ga faifan ɗaukar kaya daga wannan inji zuwa wancan.

Masu kantin magani da manyan shaguna a Sabon Gari da ke riƙe lissafin ciniki a kwamfutar tebur su ma abin ya shafe su ta wata fuskar. Windows zai tashi lafiya, amma ko rumbun bayanan manhajar cinikin zai tashi lafiya, wannan ya danganta da yadda aka gina ta. Ƙaramin UPS da zai riƙe kwamfuta na 'yan mintuna tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da inji yana toshe ɓarakar da babu tsarin fayil ɗin da zai iya toshewa.

Idan abin ya riga ya faru

Idan ka sa filash ko faifai kwamfuta ta ce sai an yi fomat, kada ka amsa mata. A mafi yawan lokuta lissafin ne ya rikice, ƙunshiyar tana nan kwance a gurabenta, kuma manhajojin ceto suna iya tsinto ta muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. Kada ka ƙara zuba komai a ciki. Kada kuma ka yi gaggawar sakin chkdsk a kan faifan da ke ɗauke da abu mai muhimmanci, domin shi daidaita lissafi ya sa a gaba, kuma yana iya yanke fayil don ya cim ma hakan. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani faifan, sannan ya yi gwaje-gwajensa a kan kwafin. Kafin ka miƙa kayanka, ka tambaye shi ko haka zai yi. Idan kuma faifai mai juyawa ne ya fara wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa, wannan ba matsalar lissafi ba ce, ƙarfen ne ke mutuwa, a kashe shi nan take kada a ci gaba da kunnawa ana gwadawa.